Su Biyar a Gindin Gada

Garwa, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga autata Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Ngaundere lafiya, ke da kayanki duka. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya buɗe miki karatu. Na san hawan dutsen nan na kafin a shiga gari yana juya miki ciki tun kina ƙarama, shi ya sa na sa miki lemun tsami a ƙaramin aljihun jaka.

Na cusa takardar cikin kwamfuta ne don ki gan ta kafin ki kunna. Ki karanta tukuna. Sau uku a makon nan na buɗe baki zan faɗa miki wata magana, sai in ji kaina ina tambayarki ko kin ɗauki bargo. To ga ta a rubuce. Ajiyar marigayi babanki da ke cikin wasan jirgin ruwa na kwamfuta, wato inda ya tsaya ya adana tafiyarsa, wadda kika ce in bar miki, babu ita. Ba kwamfutar ce ta lalace ba. Ni na goge ta da hannuna, yau wata biyar ke nan, kuma na yi shiru.

Na san yanzu kin ajiye takardar. Idan kin sake ɗauka, ki bar ni in faro daga farko, domin laifina a kan kwamfutar nan ya fi ɗaya, kuma akwai godiyar da ban taɓa yi miki ba.

Shekara ashirin da huɗu na yi ina buga takarda a ofis. A wurina kwamfuta kayan aiki ce, a gama da ita a rufe. Da babanki ya saya miki taki ban ce komai ba. Amma da na fara ganinku bayan la'asar a gindin darbejiya, kai a haɗe, ke kina karanta Faransanci kina juya masa da Hausa, shi yana shafa gemu yana cewa "dakata in yi tunani," sai raina ya ɓaci. Dattijo da furfura, wanda ake kira sulhu a layin 'yan yadi, ya zauna yana wasan yara! Na ɗauke wayar caji na ɓoye cikin kwalla a ƙarƙashin gado har kwana goma sha ɗaya. Kin san ni ce, ba ki tambaye ni ba. Shi ne ya zo ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana murmushi.

"Madam Sakatare, ba don ni ba," ya ce. "Mun bar mutane a tsakiyar ruwa."

"Waɗanne mutane kuma?"

"Ki zo ki gani mana. Ga tabarma, akwai wuri."

Na mayar da wayar, amma ban je ba. Bayan nan ma ya kira ni sau biyu, ina ce masa ni ina da aikin yi. Taku goma ne tsakanin kicin da bishiyar nan, Habiba. Cikin duk abin da zan lissafa miki babu wanda yake cin raina kamar wannan. Saboda haka idan wanda kike ƙauna ya ce ki zo ki ga abin da yake faranta masa rai, ki ajiye muciya ki je. Ki zauna ko na la'asar ɗaya ne, in ya so bayan nan ki kushe.

Da Allah ya karɓi abinSa, na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba fita. Makonnin farko gida cike yake, ba ni da lokacin jin komai. Bayan sadakar arba'in yayyenki suka koma Marwa da Kusiri, masu zuwa gaisuwa suka ragu, ke kuma ƙarfe bakwai kin tafi makaranta saboda jarrabawar bak ta kammala sakandare. Zafin Garwa ya sauko. Ina idar da walaha, in ja carbi, in karanta abin da ya sawwaƙa, sannan in zauna ina kallon takalmansa a bakin ƙofa har azahar. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara tsoron kaina.

Kin tuna safiyar da kika ɗora mini kwamfutar a cinya? Kika ce, "Inna, ni ba zan iya buɗe wasannin nan ba yanzu. Ke ki gwada. Duk wanda kika ga dama ki yi, amma layin sama na ajiyar wasan jirgi, mai sunan Baba, ki bar mini shi." Na harare ki, kika yi kamar ba ki gani ba kika fita. Na gode, 'yata. Ina faɗa da babbar murya yanzu tunda a lokacin girman kai ya hana ni. Addu'a ce ta riƙe ni, amma wasannin nan su suka cinye mini awannin da na rasa yadda zan yi da su.

Yanzu har na zama mai ba da shawara a kansu, ki yi dariya in kina so. Na san abin da ku da babanki kuka tara, na kuma san waɗanda ba ku kai ga buɗewa ba.

Ki fara da na marubucin wasiƙu. Mutum ne da ke zama a bakin kasuwa a wani gari da yaƙi ya yi wa ƙawanya, waɗanda ba su iya rubutu ba suna zuwa yana rubuta musu saƙo zuwa ga danginsu. Babu gudu, babu harbi. Ke za ki zaɓi abin da zai rubuta da abin da zai sassauta, kuma kowace wasiƙa tana dawowa da amsarta. A nan na yi kuskurena na biyu. A ofis mun saba buga shafi guda ba tare da mun san abin da ke ciki ba, ido na gani, yatsa na tafiya, kai na can kasuwa. Haka na riƙa danna maɓalli ina tsallake surutun mutanen don in kai ga abin da na ɗauka shi ne wasan. Wata tsohuwa ta zo sau uku tana ba da labarin ɗanta, ina tsallakewa. Da aka tambaye ni garin da za a aika wasiƙarta, ban sani ba, na zaɓa da ka. Wasiƙar ta ɓata, tsohuwar ba ta sake zuwa ba. Na zauna ina jin kunya a ɗakina ni kaɗai, domin na tuna yadda nake yi wa masu doguwar gaisuwa, ina amsa "lafiya lau" tun ba su kai ƙarshen tambaya ba. A irin waɗannan wasanni maganar ita ce wasan. Ki karanta komai. Idan kuma abokiyar ɗakinki ta fara ba ki labarin garinsu, ki ajiye waya ki saurara har ƙarshe.

Na biyu shi ne na matar da ta koma ƙauyen kakarta don ta rufe gidan bayan rasuwa, ta tarar kowane maƙwabci yana da nasa labarin tsohuwar, kuma ba su yi daidai da juna ba. Gajere ne, Asabar biyu ya ishe ki. Ki ajiye shi sai bayan jarrabawa, lokacin da kai ya gaji amma barci ya ƙi zuwa. Ki tanadi hankici.

Akwai wanda ban yarda ki ɓata lokaci a kansa ba, mai kyan hoto ɗin nan da dawakai da duwatsu. Na ba shi mako guda. Kowa ka tarar sai ya aike ka ka kashe dila goma ka kawo fata, ka kawo ya ce saura ashirin. Ba wanda ya canza, ba abin da ya ƙare. Shi ne ya sa na ƙona miyar kuka, kuma shi kaɗai ne ya taɓa sa ni jinkirta la'asar har rana ta yi ja. Ranar na rufe shi ban sake buɗewa ba. Idan za ki nemi sababbi a can, ki nemi mai ƙarshe, wanda za ki iya tsayar da shi duk lokacin da aka kira salla ko aka kira ki. Ki nemi wanda abokan tafiyarki suke da bakin magana, suna iya ƙin abin da kika yi. Wanda faɗansa bi da bi ne ya fi, ki yi naki a natse su yi nasu, don ba saurin yatsa ake nema ba. Kuma ya zama ba ya bukatar intanet. Karatu kika je yi, wasa sai ranar hutu.

Kuskure na uku ɓoyo ne. Ina jin sallama sai in rufe kwamfutar in yafa mata sallaya, in ɗauki carbi. Me za a ce? Mai takaba tana wasa? Wata rana Goggo Hajara, yayar babanki, ta shigo ba zato. Na yi rufin da na saba amma na manta ban kashe sauti ba. Muna cikin gaisawa sai ga ƙarar ruwa da kukan tsuntsaye suna fitowa daga ƙarƙashin sallaya. Ta dube ni, ta dubi sallayar.

"Ikon Allah," ta ce. "Binuwai ce ta biyo ki har ɗaki?"

Na ji kamar in nutse. Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu.

"Buɗe in gani. Abin nan ne da ƙanena yake ba ni labari, ko? Ya ce akwai wata ungozoma mai baƙin hali kamar ni."

Ta gyara zama, ta ce in fassara mata. Tun daga ranar duk Talata sai ta zo da dakuwarta, tana zagin mutanen cikin wasan da Fulatanci da Hausa. Tafiyarta ta farko ta tsaya a zaure ta ce mini, "Takaba an ce kada ki fita, kada ki yi ado. Ba a ce ki haukace ba." Abin da na koya shi ne, ƙaryar carbin da na riƙa yi ta fi wasan muni nesa ba kusa ba. A ɗakin kwanan ɗalibai za ki ga masu ɓoye abubuwa iri-iri. Idan abu na kunya ne ki bar shi, idan ba na kunya ba ne ki yi shi a fili.

To, mun zo kan wasan jirgi. Kin fi ni sanin labarin: ruwa ya cinye gari, matuƙi ya kwashi waɗanda suka tsira cikin babban jirgi yana nema musu wurin zama. Shi ne mafi kyau cikinsu duka, kuma da ba don abin da na yi ba da shi zan fara ba ki shawara. Na fara nawa a layi na biyu kamar yadda kika ce. Amma ban cika alkawari ba tun kafin ɓarnar. Wata safiya kewar babanki ta dame ni, na buɗe layinsa don in ga inda ya tsaya. Na ga mutum biyar zaune a gindin karyayyar gada: matuƙi, tsohuwar ungozoma, tagwayen mafarauta, da maƙeri. Jirgin yana bayansu da jan filafilai. Na daɗe ina kallo, ban taɓa komai ba, na fita.

Bayan kwana tara abin ya faru. Wuta ta ɗauke tun safe, ina cikin nawa wasan kwamfutar ta nuna batir ya kusa mutuwa. Na yi sauri in adana. A ofishinmu shugabana ba ya son ganin takarda ɗaya kwafi biyu, don haka shekara ashirin da huɗu hannuna ya saba: layin sama, danna, kwamfuta ta yi tambaya, a ce mata "oui", wato e. Ta tambaye ni, Habiba. Da manyan haruffa ta tambaya ko na tabbata zan rubuta a kan wannan ajiya. Na amsa kafin idona ya karanta. Da wuta ta dawo na kunna, sai na ga sunansa ya tafi, nawa wasan ya hau wurin. Rabon da in yi kuka irin na ranar tun da aka fita da shi.

Shawarar da ke nan ƙarama ce, amma ki riƙe. Duk abin da na'ura ko mutum ya tambaye ki "kin tabbata?", ki tsaya ki karanta, ko takardar makaranta ce ko ta haya. Ki riƙa adanawa a layi fiye da ɗaya. Abin da ba za ki iya jure rashinsa ba, aikin karatu ko hoto, ki kwafe shi a ɗan abin ajiyar nan da kuke kira kile. Na saya miki guda, yana cikin jakar.

Shirun da na yi ya fi gogewar nauyi, na sani. Da farko na ce sai kin gama bak. Kin gama, na ce sai sakamako ya fito. Ya fito kin ci, gida ya cika da guɗa, na ce ba yau ba. Kowace rana maganar tana ƙara nauyi a bakina. Rannan da kike shirya akwati kika ce idan kin natsu a Ngaundere za ki buɗe layin Baba ki kai mutanensa ƙarshen tafiya, na ce "Allah ya nufa" na shige kicin. Kada ki yi koyi da ni. Laifi ranar da aka yi shi ya fi sauƙin faɗa.

Ban zauna haka kawai ba. Na ce shekara ashirin da tara na yi da mutumin nan, na san abin da zai zaɓa a kowace mararraba. Sai na faro wasan daga farko, ina yin abin da shi zai yi, ko na kai mutanen gindin gadar yadda ya bar su. Na ɗauki littafi ina rubuta kowane zaɓi. Na tuna ina jiyo shi daga kicin yana yi wa gidajen cikin wasa sallama kafin ya shiga, kina dariya, don haka ban buɗe akwatin kowa ba ko da wasan ya ba da dama. Na raba ruwa daidai. Inda aka yi gardama na bar babba ya fara magana. Kuma abin ya yi ta dacewa, har jan filafilan na samu, wanda sai an taimaki wasu masunta ake ba da shi. Ranar na yi ta murna kamar shi ne ya ce mini na yi daidai.

Maƙerin ne ya gagare ni. Kin san a tsakiyar tafiya yana sace irin shuka da mutane suka tsira da shi. Wasan ya ba ni zaɓi uku: a sauke shi a tsibiri, a miƙa shi ga jama'a su yanke hukunci, ko a yafe masa. Na san na gan shi a gindin gada, amma na ɗauka idan an hukunta shi zai dawo daga baya ya tuba. Ban yi tunani sau biyu ba na sauke shi, domin na tuna Sale, mai tsaron shagon babanki da aka kama yana rage yadi. A ranar babanki ya sallame shi, bai sake ambaton sunansa a gidan nan ba. Na tafi har gindin gada, muka zauna mu huɗu. Na sake farowa, mako uku cur, na miƙa shi ga jama'a. Huɗu. Karo na uku na yafe masa, sai ga shi da asuba ya sulale don kunya, ba a sake ganinsa ba. Huɗu dai.

Goggo Hajara tana zaune a karo na ukun. Na ce mata ni na rasa gane ƙanenta, mutumin da ya kori Sale ba waiwaye, me ya yi har ɓarawo ya bi shi zuwa ƙarshe? Ta daina tauna dakuwa ta dube ni.

"Tafiyar da yake yi Tibati duk shekara ya dawo miki da bandar kifi, gidan wa kike zaton yake sauka?"

Na ce ban sani ba, abokan kasuwa ne dai.

"Gidan Sale. Shi ya kai shi can da kansa, ya haɗa shi da masu kifi, ya kama masa rumfa. Ya ce in ya bar shi a Garwa ba zai sake ɗaga kai ba. Ya hana ni faɗa don kada a riƙa kallon matar Sale da abin."

Shekara goma sha biyu ina cin kifin nan ina yaba shi. Na ɗauka na haddace mutumin, ashe akwai shafin da ban taɓa buɗewa ba. Ban ji haushi ba, wallahi. Na ji daɗi, na kuma gode wa Allah da ya aura mini wanda ya fi yadda na zata. Ke ma kada ki yi saurin cewa kin gama sanin mutum, ko da uwarki ce.

Yanzu ga yadda za ki tarar da kwamfutar. Layin sama yana nan yadda na ɓata shi, ban gyara don in rufe laifi ba. A layi na uku na adana miki tafiyar, saura kwana ɗaya a yi satar, komai yadda nake zaton ya yi. Littafin zaɓin yana tare da kile. Na san ba nasa ba ne, kuma ba zai taɓa zama nasa ba. Hannunsa ne ya taɓa wancan, ni na raba ki da shi, ki yafe mini. Idan ba za ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba, ki ɗauki lokacin da kike bukata.

Amma akwai abin da ban iya gogewa ba, domin ba a kwamfuta yake ba. Akwai wani abu da babanki ya yi wa maƙerin nan, wataƙila tun kafin satar, wata magana ko wani zama da ni ban gano ba. Ke kika karanta masa, ke kika danna abin da ya ce. Duk duniya ke kaɗai kika sani.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, ya ba ki lafiya da ilimi mai amfani, ya dawo mini da ke da hutu ina raye. Allah ya jiƙan babanki, ya haskaka makwancinsa. Goggo Hajara tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi don garin ba kamar namu ba ne.

Wayata tana hannuna. Ko kin huce ko ba ki huce ba, ki kira ni, ki yi mini faɗan da na cancanta, zan saurara ba zan katse ki ba. Idan kin gama, don Allah ki gaya mini me ya ce wa maƙerin.

Wassalam,
Innarki.